Daga Gandu Zuwa Masana'anta: Tarihin Kalmar "Robot" da Matsayinta a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga gonakin ƙasar Gwarzo da Kabo a ƙarshen damina, kamar su Kara da Getso da Garo, lokacin da gero ya fara ƙosawa, ba zai rasa ganin mutum-mutumi ba. Sanduna biyu ne a gicciye, an rataya musu tsohuwar riga, an kifa musu ƙwarya ko yagaggiyar malafa. Ba ya motsi sai in iska ta kaɗa shi, kuma ba shi da wani aiki sai tsorata tsuntsaye. Wannan shi ne mutum-mutumin da ɗan makarantar firamare a Kara ya sani tun yana goye. Amma yaron nan in ya kunna rediyo sai ya ji an ce mutum-mutumi yana harhaɗa motoci a Japan, ko yana raba ruwan Zamzam a Masallacin Harami, kamar yadda aka fara a 2021. In ya tambayi malaminsa yadda aka yi abin korar tsuntsaye ya kai ga wannan matsayi, malamin zai ce masa fassara ce ta kalmar Turawa, watau "robot". In ya ƙara tambayar ma'anar ita kalmar, galibi nan magana take tsayawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kalmar tun daga tushenta, ta nuna cewa ma'anarta ta asali ba ta shafi siffa ba, aiki ta shafa, kuma wani irin aiki ne wanda talakan ƙasar Kano ya san shi sarai. Daga nan sai a auna fassarar da muke yi mata a gani ko ta ɗauko kayan duka ko ta zubar da wasu a hanya.

2.0 Haihuwar Kalmar

Kalmomi kaɗan ne ake iya faɗin shekarar haihuwarsu, to wannan tana cikinsu. Ta fara bayyana da ma'anarta ta yanzu a 1920, a cikin wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. wanda marubucin ƙasar Cekoslobakiya, Karel Capek (1890-1938), ya rubuta da harshen Cek. An nuna wasan a babban gidan wasan kwaikwayo na birnin Prag ranar 25 ga Janairu, 1921. Ya isa Niyok a 1922, ya isa Landan a 1923, kuma a can aka bar wannan kalma yadda take. Ta haka ta shiga Ingilishi, daga can ta iso mana.

Shi Karel bai yarda a ce shi ya ƙago kalmar ba. A 1933 ya bayyana a jarida cewa shi da farko "labori" ya yi niyyar kiran halittun wasan nasa, daga kalmar Latin mai nufin aiki, amma sai ya ji ba ta zauna masa a baki ba. Da ya kai kukansa wurin wansa Josef, wanda mai zane ne, sai wan ya ba shi "robot". Abin sha'awa ga mai nazarin Hausa shi ne, ita kalmar da Karel ya yar ba baƙuwarmu ba ce, domin daga wannan tushe na Latin Ingilishi ya sami kalmar da Bahaushe ya ara ya mayar "lebura". Ke nan da Karel ya tsaya a kan ra'ayinsa na farko, da yau ba mu sha wahalar fassara ba. Shi kuwa Josef, wanda ya raɗa sunan, a sansanin 'yan Nazi na Bergen-Belsen ya rasu a 1945.

Ya kamata a san irin halittun da aka raɗa wa sunan. A cikin wasan, wani kamfani ne a wani tsibiri yake ƙera ma'aikata, ba da ƙarfe ba, da wani sinadari mai kama da tsoka. Suna da jiki irin na mutum, da basira, da ƙarfi, amma an cire musu duk abin da ba ya ƙara yawan aiki: ba sa marmari, ba sa tsoron mutuwa, ba sa neman lada. Ana sayar da su da araha ga masana'antu da rundunonin soja, har mutane suka daina aiki. A ƙarshe halittun suka yi tawaye suka hallaka 'yan Adam, ba su bar kowa ba sai wani magini mai suna Alkwist, domin sun ga shi ma da hannunsa yake aiki kamarsu. A fili yake cewa zancen ma'aikaci da ubangida ake yi, a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Farko da juyin juya halin Rasha na 1917.

3.0 Robota a Ƙasar Bohemiya

Josef bai ƙirƙiro kalmar daga iska ba. Ya gutsuro ta ne daga "robota", tsohuwar kalmar da kowane mutumin Cek ya sani. Robota shi ne aikin tilas da manomi yake yi wa mai ƙasa kyauta. Manomin yana da 'yar gonarsa da iyalinsa, ba a kai shi kasuwa a sayar, amma wajibi ne ya bar nasa aikin ya je ya noma gonar ubangidan ƙasa kwanaki sanannu. Mai dabbobin huɗa ya je da dabbobinsa, marar su ya je da ƙarfinsa. Abin ya yi tsanani har manoman Bohemiya suka yi bore a 1680, sarkin daular Ostiriya ya fitar da doka mai ƙayyade aikin ga kwana uku a mako. An sake wani boren a 1775, aka sake wata dokar. A 1781 Sarki Josef na Biyu ya ba manoma 'yancin yin aure da ƙaura da koyon sana'a ba tare da iznin mai ƙasa ba, amma robota bai faɗi ba sai a watan Satumba na 1848. Watau tsakanin soke shi da rubuta wasan shekara saba'in da biyu ce kacal. Masu kallon wasan a Prag jikokin waɗanda suka yi wannan aiki ne, saboda haka da jin sunan sun san inda aka dosa.

In aka ƙara tonawa, "robota" ta fito ne daga tsohuwar kalmar harsunan Silab, "rab", watau bawa. A Rashanci ma'anar ta yi sauƙi, "rabota" ta zama aiki kowane iri. Masana tarihin harsuna suna danganta wannan saiwa da kalmar Jamusanci ta aiki, "Arbeit", da kuma kalmomin Latin da Girkanci masu nufin maraya. Dangantakar maraici da bauta ba ta buƙatar dogon bayani ga Bahaushe: yaron da ba shi da mai tsaya masa shi ake ɗora wa tallen da ɗan gida ya ƙi.

4.0 Takwarar Robota a Ƙasar Hausa

Tambayar da ta kamace mu yanzu ita ce, wace kalma ce a Hausa ta fi kusa da "robota"? Muna da kalmomi da dama na aikin da mutum yake yi a gonar da ba tasa ba, kuma kowace da hukuncinta.

Ta farko ita ce "gandu". A gandun iyali, 'ya'ya da ƙanne suna noma babbar gona a ƙarƙashin maigida, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gayauna. Wannan aiki ne na wajibi, amma akwai haƙƙi ta kowane ɓangare, kuma gonar gadonsu ce. Polly Hill ta yi bayaninsa filla-filla a nazarinta na Batagarawa (1972) da na karkarar Kano (1977).

Ta biyu ita ce aikin bayi a rinji ko a gandun sarauta. A ƙarni na 19 sarakunan Kano suna da gandaye a wurare irin su Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, attajirai da manyan manoma kuma suna da rumadansu. Shaida mafi kusa da yankin da muke magana a kai ita ce ta Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Kada a rikita Karo da Kara: Karo tana wajen Zarewa ne, a ƙasar Rogo ta yanzu, kudu da Gwarzo. Baba ta bayyana yadda bayin gidansu suke fita gandu da hantsi, a kai musu abinci gona, su tashi da azahar, sa'an nan kowa ya nufi 'yar gonarsa. Wannan rabon lokaci, wani na ubangida wani na kai, ya yi kama ƙwarai da tsarin robota, sai dai a Bohemiya da kwanaki ake rabon, a nan kuwa da sa'o'in yini. Akwai kuma "murgu", kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa don a bar shi ya yi sana'ar kansa, kamar yadda a wasu wurare manomin Bohemiya yake fansar kwanakinsa da kuɗi. Bambancin dai babba ne: bawa dukiya ne, ana sayar da shi, ana gadonsa. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai a 1936.

Ta uku ita ce "gayya". Asalinta taimakon juna ce: yau a gonarka, gobe a tawa, da kiɗa da fura da tuwo. Amma kalmar tana da wata fuska. Idan mai gayyar dagaci ne ko hakimi, to kiran ya tashi daga roƙo ya koma umarni, kuma ba a sa ran ranar da zai zo ya rama. Talaka ɗa ne, ba bawa ba, yana da gonarsa, amma dole ya bar ta a daidai lokacin da ciyawa take cin ta, ya je noman gandun sarki. Wannan shi ne robota tsantsa, ba ragi ba ƙari. Yana cikin manyan abubuwan da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi ta yaƙa a karkara.

Ta huɗu ita ce wadda Turawa suka zo da ita. Bayan cin Kano a watan Fabrairu na 1903, sabuwar gwamnati ta buƙaci masu ɗaukar kaya da masu sharar hanya da masu haƙa, sai ta bi ta hannun sarakuna, su kuma ta hannun hakimai da dagatai, kowane gari a yanka masa adadin mutanen da zai kawo. Da irin wannan aiki aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wadda ta iso Kano a 1911. Ana ba da ɗan lada, amma ba a tambayar mutum ko yana so. Mafi muni shi ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun dubatar manoma daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza, da yawa suka mutu saboda sanyin dutse da ƙarancin abinci da cututtuka. Talakawa suka raɗa wa abin suna "ɗiban gwamna". A lura da zaɓen kalmar: ɗiba ake yi wa hatsi ko ruwa ko ƙasa, abin da ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. A hayin Nijar ma Faransa ba ta soke aikin tilas ba sai a 1946.

Saboda haka da a ce wani marubucin Kano ne ya tsara wasan Capek a 1920, sunan da zai ba halittun nan ba zai wuce "'yan gandu" ko "'yan aikin tilas" ba, kuma masu kallonsa za su ji abin da mutanen Prag suka ji.

5.0 Yadda Ma'anar ta Sauya

Kalma in ta bar gida takan bar wasu kayanta a baya. Mai jin Ingilishi bai san robota ba, saboda haka abin da ya gani a dandamali shi ya riƙe, watau abu mai kama da mutum wanda ba mutum ba. Masu zane da masu shirya fim suka mayar da shi na ƙarfe, har Karel Capek ya yi rubutu a 1935 yana nuna ɓacin ransa da wannan fahimta. A farkon shekarun 1940 marubucin Amurka Isaac Asimov ya ƙago sunan ilmin ƙera waɗannan na'urori, ya kuma tsara musu dokoki uku a cikin ƙagaggun labaransa, waɗanda suka tattaru a kan kada su cuci mutum, su bi umarninsa, su kare kansu. Ko a nan ma, in an duba, ƙa'idojin bawa nagari ne.

Da abin ya fito daga littafi ya shiga masana'anta, sai ma'anar asali ta dawo da kanta. Na'urar farko ta wannan iri da ta kama aiki ita ce Unimate, wadda George Devol ya ƙirƙiro, aka girka ta a wata masana'antar General Motors a jihar New Jersey a 1961. Ba ta da kai, ba ta da ƙafa, ba ta da fuska. Hannu ne guda na ƙarfe mai ɗauko narkakken ƙarfen da aka zuba a zubi tun yana da zafi, aikin da yake ƙona ma'aikata. Har yau mafi yawan waɗanda suke aiki a masana'antun duniya haka suke. A Afirka ta Kudu fitilar ba da hannu a titi, wadda mu muke kira danja, ita ake kira "robot", domin ta karɓi aikin ɗan sanda. A Faransanci da harshen Cek kuwa har injin markaɗe da kwaɓa na ɗakin girki yana amsa wannan suna. Abin da ya haɗa su duka ba kama da mutum ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya karɓi wani aiki da mutum yake yi, yana yin sa bisa umarni, ba gajiya ba lada.

6.0 Auna "Mutum-mutumi"

Ta fuskar ƙira, "mutum-mutumi", ko "butum-butumi" a bakin wasu, kalma ce mai kyau. Ninki ne irin wanda Hausa take amfani da shi don nuna kusanci ba tare da cika ba, kamar "fari-fari" da "ruwa-ruwa" da "gishiri-gishiri". Wasalin ƙarshe kuma shi ne wanda yake fitowa a "mutumin kirki". Ma'anarta ke nan abu mai kama da mutum, kuma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ta dace da gunki, ta dace da sassaƙen da ake kafawa a dandali, ta dace da na'ura irin Sophia wadda Saudiyya ta ba takardar zama 'yar ƙasa a 2017.

Aibinta biyu ne. Na farko, siffa ta kama ta saki aiki, alhali kuwa mun ga aikin shi ne jigo. In ɗalibi ya karanta cewa mutum-mutumi yana walda a masana'antar motoci, hoton da zai zo masa daban, abin da yake can daban. Na biyu, a cikin kalmar akwai ma'anar rashin motsi da rashin kataɓus. Wanda aka ce ya tsaya kamar mutum-mutumi, ko shugaban da aka ce mutum-mutumi ne, ana nufin ba ya tsinana kome. Ga shi kuwa muna son ta ɗauki sunan abin da aka yi shi don aiki kawai.

Duk da haka adalci ne a faɗi abin da ke gare ta. Kafin a kafa mutum-mutumi a gona, yaro ake turawa ya wuni yana ihu yana kaɗa gwangwani. Sandunan nan biyu da tsohuwar riga aikin yaron suka karɓa, ba ci ba sha ba lada. Ta wannan fuska manomin Kara ya riga ya fahimci tunanin da ke bayan kalmar Capek, kuma waɗanda suka fara yin wannan fassara ba su yi nisa da hanya ba kamar yadda ake zato.

Shawarata ita ce a raba aikin gida biyu. A bar "mutum-mutumi" ga na'urar da aka ƙera da surar mutum. Ga jinsin baki ɗaya kuwa a ari kalmar, a yi mata kwaskwarima. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro a wannan fage ba: "inji" daga Ingilishi take, "na'ura" kuma daga Larabci, inda asalinta take nufin babbar ƙafar katako mai ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda suke birnin Hama na Sham. Yadda aka sami "tikiti" da "siminti" haka za a iya samun "roboti", jam'inta "robotoci" bisa awon "motoci" da "tikitoci". Amfanin aron shi ne ya bar ƙofar tarihin a buɗe: duk ɗalibin da ya tambayi asalin kalmar zai isa ga robota, daga robota kuma sai gandu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa "robot" ta fito daga "robota", aikin tilas da manoman Bohemiya suka yi wa masu ƙasa har zuwa 1848, kuma takwararsa a wurinmu ita ce noman gandun sarki da ɗiban gwamna. An ga kuma cewa fassararmu ta riƙe siffa ta saki wannan ma'ana. Tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, masu ƙirƙirar kalmomi sun saba tambayar yadda baƙon abu yake kafin su raɗa masa suna. Wannan misali ya nuna akwai buƙatar a riƙa tambayar inda sunansa na asali ya fito.

Akwai kuma aikin da yake jiran ɗalibanmu masu neman manyan digirori. Waɗanda suka yi noman gandun sarki da ƙarfinsu sun kusa ƙarewa, kalmomin wannan zamani irin su "murgu" da "rinji" da "gayauna" kuma suna ficewa daga bakin matasa. Ya kamata a shiga garuruwan Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da Rogo a tattara su daga bakin dattawa, da yadda ake kiran gayyar, da wanda yake kiranta, da hukuncin wanda ya ƙi zuwa. Malamin da yake da wannan a hannu, in yaro ya tambaye shi ma'anar "robot", ba sai ya fara da Prag ba. Sai ya ce masa ya je gida ya tambayi kakansa gonar wa aka noma kafin a noma tasu.